Talatar Da Yake Son Komawa

Ranar da suka haɗu, Malama ba ta fito neman kowa ba. Takardun jarrabawar ɗalibanta ta kwaso, guda tamanin da biyu, ta gudo laburare saboda surutun ofishin malamai ya ishe ta. Tana zaune a teburin ƙarshe, ƙarƙashin wata fanka mai juyawa kamar an yi mata dole, jan biro a hannu, sai ta ji an yi sallama a kanta.

Dogon mutum ne cikin shuɗin kayan aiki, da ɗan abin gwada wuta soke a aljihun ƙirji. Ya rungumo littattafai uku, duk sun ji jiki.

"Ki yi haƙuri, Malama. Mai laburare ce ta ce ke kike koyar da fiziks. Tambaya gare ni."

"Allah ya sa na sani."

"Waɗannan labaran da ake shiga na'ura a koma baya cikin lokaci, zai iya faruwa da gaske?"

Saura kaɗan ta yi dariya. 'Yan aji biyu ne ke yi mata irin wannan tambayar, su ma don su cinye mata darasi. Amma da ta ɗaga kai ta ga idanunsa, sai dariyar ta maƙale. Wannan ba don nishaɗi yake tambaya ba.

"Zauna," ta ce. "Gaba dai ana iya zuwa. In ka yi gudu mai tsananin gaske, agogonka zai riƙa tafiya a hankali, ka dawo ka tarar mutane sun fi ka tsufa. An gwada, an gani, duk da abin da aka gani bai taka kara ya karya ba."

"Baya fa?"

"Baya ana iya kallo. Ranar da kake gani a sama yanzu, ta minti takwas da suka wuce ce, don haskenta sai ya yi tafiya kafin ya iso. Amma a je a taɓa? A kan takarda lissafi ya bar 'yan ƙofofi, sai dai ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya a buɗe."

Ya shafa bangon littafi da babban yatsa.

"Ni daƙiƙa arba'in kawai nake so," ya ce.

Bai ƙara komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai dai a ranar, wallahi, takarda goma sha ɗaya kacal ta iya dubawa.

Mai gyaran wuta ne, abokan aiki suna ce masa Injiniya. Ita kuwa da ta karɓi lambarsa, Matafiyi ta rubuta a wayarta. Kullum Asabar suna teburin nan, shi ya zo da sabon labari, ita ta zauna tana huda labarin, tana fito da kurakuransa.

"Wannan ya koma ya hana abin da ya sa shi gina na'urar. To in abin bai faru ba, wa zai gina ta? Wa zai koma?"

"Ke dai ba ki da tausayi, Malamata."

"Ina da shi. Lissafi ne ba shi da shi."

Kafin wata uku, saƙonni sun fara yawo tsakaninsu. Da safe zai rubuto: "Malamata, kin tashi lafiya? Yau na wuce ta ƙofar makarantarku sau biyu, kuma babu aikin da ya kai ni."

Ita kuma: "Matafiyina, ka riƙa kallon hanya. Ka ci abinci kuwa? Kada ka ce mini shayi, shayi ba abinci ba ne."

Ta kamu, kuma ta san ta kamu. Mace mai shekara ashirin da bakwai, wadda ɗalibai ke tsoron takunta, ga ta tana murmushi ita kaɗai a gaban allo.

Wata Asabar da la'asar, a kan bencin da ke bayan laburare, ya faɗa mata labarin daƙiƙa arba'in ɗin.

Yayansa ne ya koya masa aiki. A sana'arsu akwai doka: duk wanda zai taɓa waya, sai ya kashe babban makunni, ya datse akwatin da kwaɗonsa na kansa, ya sa mukulli a aljihu. Mutum biyu, kwaɗo biyu, wuta ba ta dawowa sai kowa ya zo ya cire nasa. Su kuwa da yake ciki ɗaya suka fito, kwaɗo ɗaya suke amfani da shi, kowa da mukullinsa. Me za a yi da biyu, tsakanin wa da ƙani?

"Ranar Talata ce, a wani sito. Na gama ɓangarena, na leƙa ban ga jakar Yaya ba, na ɗauka ya sauko, na je na buɗe kwaɗon na mayar da wuta. Ashe matsar da ita ya yi, ya koma sama ɗaure waya ɗaya da ya manta. A nan Allah ya karɓi ransa. Daga inda na tsaya zuwa akwatin, tafiyar daƙiƙa arba'in ce. Na sha ƙirgawa. Da na kira sunansa sau ɗaya, Malamata. Sau ɗaya."

Ba ta san tana kuka ba sai da hawaye ya ɗiga a bayan hannunta. Allah Sarki. Shekara uku ke nan mutumin nan yana takawa zuwa akwati ɗaya.

To, akwai Mataimaki. Mataimakin shugaban makarantarsu ne, mai tsafta, mai ƙamshi, wanda ya shekara biyu yana ajiye mata kujera a taron malamai. Da ya ga tsuntsuwa za ta tashi, sai ya bi diddigi, ya kwashi labarin sito ya kai wa mahaifinta, wai shi tsakani da Allah yake yi.

Kuma ka ji inda aka yi rashin sa'a: Baba shekara talatin ya yi yana shugabantar masu aikin wuta kafin ya yi ritaya. Ba sai an yi masa bayani ba.

"Kwaɗo ɗaya?" ya ce, yana zaune a falo, ko kallonta bai yi ba. "Mutum biyu, kwaɗo ɗaya? Yaron da ya yi sakaci da ran ɗan'uwansa, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

"Baba, kuskure ne."

"Na san sunansa. Kada ya tako mini gida."

Wata biyu tana fama. Ta roƙa, ta yi kuka, ta sa Mama ta roƙa, Baba ya kafe. Duk da haka ba ta karaya ba. Abin da ya karya ta, daga hannun Matafiyin nata ya fito.

Ashe shi ma labari yake rubutawa, a wani littafin rubutu mai baƙin bango. Ya miƙa mata yana sunkuyar da kai. "Ki huda shi yadda kika saba."

Ta karanta a ofis lokacin hutun rabin rana. Wani mai gyaran wuta ne ya samu na'ura. Akwai wata malama a labarin, mai jan biro, wadda yake so kamar ransa. Malamar ta gargaɗe shi: in ka koma ka ceci yayanka, ba za ka taɓa shiga laburare neman littafi ba, ba za mu haɗu ba, ni da kai ba a taɓa yi ba. A shafin ƙarshe mutumin ya sumbaci hannunta, ya shiga na'urar, ya ja ƙofa.

Ta rufe littafin. Ta rubuta masa: "Na karanta. Tambaya ɗaya, kuma kada ka lallashe ni. Da na'urar gaskiya ce, za ka shiga?"

Minti ashirin kafin amsa ta zo. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Malamata. Zan shiga."

"To ni wata biyu ina yaƙi da mahaifina a kan me? A kan mutumin da zai goge ni kamar rubutun allo?"

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake kira har sau tara, ta kife wayar.

Sati uku ba ta taka laburare ba. Mataimaki ya samu fili, ya fara zuwa gaishe da Baba da kwalin lemo. Ita kuwa ta rame, ta daina faɗa a aji, har ɗalibai suka fara tambayar ko ba ta da lafiya. Amma ba fushin ne ke cin ta ba. Wata rana tana tsaye tana koyar da saurin haske, sai ta ji zuciyarta ta ce: alhamdu lillahi da komawa baya ba zai yiwu ba. Allin ya faɗi daga hannunta. Godiya take yi da wani bawan Allah zai ci gaba da zama a kabari, don ita ta samu miji. Ta tsani kanta a ranar.

Ranar Lahadi da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama a gidansu, 'yar ƙarama, sanye da farin mayafi. Mahaifiyarsa ce, kuma bai san ta zo ba. Ta ce da Malama take son magana, amma maigidan ya zauna ya ji.

"'Yata, ya nuna mini abin da ya rubuta miki. Na ce masa kai sakarai ne, amma ba maƙaryaci ba. Ni ma da za a kawo abin nan, kafin ya sa takalmi na riga shi shiga."

Malama ta durƙusa a gabanta. Ba ta yi niyya ba, maganar ce ta ƙwace. "Inna, ki yafe mini. Ni murna na yi da ba zai yiwu ba. Murna na yi."

Ta jira a tashi a bar mata falon. Sai ta ji hannu a kanta.

"Ai kin fi ni gaskiya. Saurara. Ranar nan 'ya'ya biyu na rasa. Ɗaya aka kai shi, ɗaya aka bar mini shi yana zaune a gabana, ba ya ci, ba ya dariya, sai littattafai. Na farkon babu mai dawo mini da shi, kin fi ni sani, ke ce mai ilimin. Na biyun kuwa ya fara dawowa, har waƙa na ji yana yi a banɗaki. Sati uku ke nan ya koma. Ban zo da hujja ba, roƙo na zo yi."

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ki turo mini shi gobe," ya ce.

Ya zo da safe cikin fararen kaya, ya zauna a ƙasa. Malama tana bayan labule tana saurare. Baba ya sa shi ya faɗi abin da ya faru tun daga farko. Ya faɗa, bai rage ba, bai ɗora wa Yaya ko ƙwayar laifi ba.

"Laifin wa?" in ji Baba.

"Nawa ne, Baba."

Tsohon ya juya ya kalli bango. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Shekara bakwai na yi ina raba kwaɗo ɗaya da aminina. Sau biyu na mayar da wuta ban kira shi ba. Sau biyun duk ya riga ya sauko. Iyakar bambancina da kai ke nan, yaro, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ƙin ka nake yi ba. Kallon ka ne ba na iyawa."

Ya share fuska da hannun riga. "Ka turo manyanka."

A ranar da yamma saƙonta ya shiga wayarsa: "Matafiyina, Asabar, teburin ƙarshe. Ka ci abinci kafin ka zo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, wata ranar Asabar da safe. Ba a yi wani taro mai yawa ba. Mataimaki ya aiko da uzuri, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. A wajen addu'a, bayan an roƙa wa ango da amarya zaman lafiya, Baba da kansa ya ɗaga murya ya ce a yi wa yayan ango addu'a, aka shafa, wasu mazan suna sunkuyar da kai.

Da la'asar aka bar su su biyu a ɗan falonsu mai warin sabon fenti, kujeru ko ledarsu ba a cire ba. Ya zauna nesa kaɗan, yana murza hularsa.

"Malamata, kada mu fara da ɓoye-ɓoye. Amsata ba ta canja ba. Ko yau aka kawo na'urar..."

"Na sani," ta ce. "Da ka ce ba za ka shiga ba, da ban aure ka ba. Mutumin da zai bar ɗan'uwansa a can saboda mace, ni ma wata rana zai bar ni."

"To ke fa? In na shiga?"

"Zan yi kuka, in akwai ni. Amma babu ita, Matafiyina. Ba za a kawo ba. Nan kake, nan nake, kuma gaba kawai ake zuwa. Matso."

Ya matso. Ya kifa fuskarsa a tafin hannunta, ya yi kukan da ya shekara uku yana haɗiyewa, ita kuma ba ta ce ya yi shiru ba.

Daga bakin ƙofa suka ji muryar Inna, ta dawo ɗaukar mayafinta da ta manta, ta tsaya ba ta shigo ba.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Allah ya ba ku tsawon rai tare. Allah ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba."

"Amin, Inna," in ji Malama, ita kaɗai, shi kuwa fuskarsa na nan a tafin hannunta.