Taƙi Ɗaya Na Bututun Ruwan Zafi

Rana ta faɗi, jan da ya rage a sama yana ta dusashewa, matar Injiniya tana tsakar gida tana kwashe shanya. Gidan nasu ɗaki biyu ne a layin ma'aikata, jikin katangar asibiti, inda ake jiyo gurnanin janareto kamar munsharin wani ƙato. 'Yarsu Lele, mai shekara bakwai, tana zaune a bakin ƙofa tana yi wa 'yar tsanarta kitso. Sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano, ta gangara a hankali, ta tsaya. Ta biyu ta biyo bayanta. Ta uku kuwa dab da ƙafar matar ta sauka.

Ta sunkuya ta ɗauka. Sanyin tsakuwar ya ratsa mata yatsu kamar daga cikin ƙanƙara aka ciro ta, alhali daɓen gidan bai gama hucewa daga zafin rana ba. Ta leƙa waje, ba kowa a layin. Ta ja Lele ɗaki, ta rufe ƙofa, ta zauna jiran mijinta.

Shi mijin ba injiniyan takarda ba ne, mai gyaran wuta da famfo ne na asibitin, sunan ne dai ya bi shi. Wata huɗu da suka wuce Manaja ya kira shi ya ce kuɗin wuta na neman cinye asibitin ɗanye, har ta kai ana kashe janareto da tsakar rana, ɗakin bakwaini ya koma dogaro da batir da addu'a. Injiniya ya ɗauki abin da zafi. Ya canja ƙwayayen fitila, ya toshe tagogin ɗakunan da ke da na'urar sanyi, ya yi ta faɗa da nas-nas masu barin fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa. Har gida abin ya biyo shi: kana cikin ɗaki sai ka ji ƙat, ya kashe fitila ya wuce.

Babban aikinsa shi ne bututun ruwan zafi. Daga tukunyar ɗumama ruwa ya taso, ya bi ta bayan ɗakin wanki, ya nufi ɗakin tiyata, tsirara tun ranar da aka gina asibitin. Zafin yana zurarewa a hanya, ita kuwa tukunyar ba ta hutawa dare da rana. Mako uku ya yi a kan tsani da gwiwoyi yana naɗe shi da soso mai kauri da leda mai ƙyalli. Da ya gama, mita ta rage gudu, man janareto ya fara kaiwa, kwalaben ɗumama bakwaini suka daina mutuwa. Washegarin ranar da ya gama ne aka fara jifan.

"Yaran layi ne," in ji shi da ta nuna masa tsakuwar. Bai ma taɓa ta ba.

"Ba yaro ko ɗaya a waje, Baban Lele."

"Sun gudu mana. Wa ya bar fitilar banɗaki a kunne?"

Kowace magariba sai an yi jifa. Ranar ta huɗu Lele ta fara rawar sanyi. A lulluɓe ta da bargo biyu, haƙoranta na kaɗawa. Uwar ta same ta maƙale a bayan firji, ta manna kuncinta da ƙarfen da ke fitar da ɗumi. Wata rana kuma ta kama ta rungume da dutsen guga da bai gama hucewa ba. Aka kai ta wajen likita, aka auna zafin jiki, aka ɗebi jini, aka ce lafiyarta lau. Abinci ya gagara, wuyanta ya fito, yarinyar da surutunta ke hana mutane jin rediyo ta koma sai ido.

Matar Injiniya ba mai yawan magana ba ce, karatunta ma bai yi nisa ba, amma idonta ba ya wuce abu. Ta ga guntayen leda mai ƙyalli a ƙarƙashin matashin Lele, ta ga irinsu a cikin faratanta, yarinyar da ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa. Ta kuma ji mijinta kullum yana dawowa da ƙorafi guda, wai wani yana yage masa naɗin bututu a lungun bayan ɗakin wanki. Da farko ya ce ɓeraye ne, ya sa guba. Daga baya ya ce masu wanki ne ke masa baƙin ciki. Ya gyara da safe, kafin wata safiyar an yage.

Sau uku tana buɗe baki ta haɗa masa zancen biyu, sau uku yana bi ta kan maganarta da lissafin mita. A na ukun ta tashi ta shiga kicin, ta tsaya gaban tukunya tana share ido da gefen mayafi, tana jin haushinsa da haushin kanta.

Ranar ta tara, ana kiran sallar magariba, Injiniya yana ɗaure igiyar takalmi, Lele ta miƙe zaune a kan tabarma. Ta dube shi da idon da ba nata ba, ta yi magana da muryar tsohuwa, a shaƙe, a hankali.

"Mai soso. Ka tuɓe mana abin da ka rufe."

Igiyar takalmin ta suɓuce daga hannunsa. Bai ce yaran layi ne ba.

Iya mai wanki, maƙwabciyarsu, wadda ta tsufa a aikin asibitin, ita ce ta kawo Malam washegari bayan la'asar. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi Injiniya sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, da ka tambaya. Lungun nan tun ina yarinya ba ma shanya a ciki. In za mu wuce sallama muke yi. Kai ko ka shiga da tsani da wuƙa kamar ɗakin uwarka."

Malam ɗan siririn dattijo ne mai tari, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka kwantar da Lele, uwar ta riƙe mata kai a cinya. Ya fara karatu. Inuwa ta riƙa tsawo a tsakar gida, ɗakin yana ƙara sanyi har uwar ta ji yatsun ƙafarta sun mutu. Tsakuwa ɗaya ta faɗo a rufi, ba ta gangara ba. Can jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake yi."

"Wace ce ke?"

"Mai lungun bayan wanki. Ni da jikokina biyar."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Jikinta ne da ɗumi." Muryar ta ja numfashi. "Shekara arba'in muna kwana jikin ƙarfen nan. Ba mu taɓa majinyaci ba, ba mu taɓa mai jinya ba. Rana ɗaya wannan ya zo ya naɗe shi kamar gawa. Ƙaramin cikinsu tun ranar bai ɗaga kai ba. Mu sanyi kashe mu yake yi, ka sani."

"Na sani. Amma zalunci kika yi. Za ki fita."

"Ya tuɓe ƙarfen, daga tukunya har tiyata. Yanzu in fita."

Injiniya, da tun ɗazu yake raɓe jikin bango, sai ga shi ya matso. Tsoro na jikinsa, amma an taɓa masa aiki.

"Baiwar Allah, kin san abin da bututun nan ke ci? Shekara arba'in kuna shan ɗumi, wa yake biya?"

"Ba mu san biya ba."

"Ai na ga alama. In na tuɓe shi, tukunya ta koma ci dare da rana, mai ya ƙare, a kashe janareto. Akwai bakwaini shida a kwalba yanzu haka, wani bai kai tafin hannuna biyu ba. Su ma sanyin ne ke kashe su."

"Naka shida, nawa biyar. To, a tuɓe rabi."

"Ko kamu ɗaya ba zan buɗe ba."

"Injiniya," in ji Malam, "ba kasuwa muka zo ba." Ya koma karatu, da ƙarfi wannan karon. Jikin Lele ya riƙa murɗewa, wani siririn kuka na fita daga bakinta, rabinsa na tsohuwa, rabinsa nata. Uwar ce ta ji bambancin. Ta ji kuma yadda wuyan da ke kan cinyarta ya yi laushi kamar tsumma.

"Malam, a dakata."

Ba wanda ya taɓa jin ta katse babba. Ita kanta sai da ta sunkuyar da kai. Amma ta ci gaba, idonta a kan fuskar 'yarta, da tsohuwar take magana.

"Kaka, ina kai wa Baban Lele abinci can, na ga wurin. Akwai inda bututun ya lanƙwasa ya yi ƙasa, dab da daɓe, iska ba ta shiga. In aka buɗe nan kaɗai, aka jingina allon katako ya tare, ɗumin ba zai watse ba. Yara biyar in sun matsu za su samu. Ni ma haka nake yi wa tawa da murhu."



"Kamu biyu," in ji muryar.

"Taƙi ɗaya," in ji Injiniya. "Shi ma asara ce."

"Taƙin wa? Hannunka ƙarami ne."

"Taƙin Malam," in ji matar da sauri, don ta lura tun shigowarsa yatsunsa zara-zara ne. Ta juya ta dubi mijinta ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Baban Lele, ka ce to."

Ya dubi 'yarsa. "To."

Malam ya ɗaure tsohuwar da alkawari: ba ita ba gidan nan, ba ita ba yarinyar, ba kuma yage sauran naɗin. Ita ma ta kafa nata: duk ranar da magariba ta yi wurin yana rufe, alkawari ya warware. Malam ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Yatsan ya yi karkarwa, ya miƙe, ya saki. Lele ta yi atishawa, gumi ya keto mata a goshi, ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Kafin duhu ya rufa, Malam ya aza hannunsa a gwiwar bututun, Injiniya ya zana da biro, ya yanke sosonsa da wuƙarsa yana ƙwafa. Matar ta kawo murfin tsohon akwati aka jingina. Ba a sake jifa ba. Mita ta ɗan motsa sama kaɗan, kaɗan ɗin da ba mai gani sai shi, kuma kullum sai ya gani.

Ƙarshen wata Manaja ya zagayo da baƙi yana nuna musu yadda ya rage cin wuta. Suka yaba, suka ɗauki hoto. A bayan ɗakin wanki ya ture murfin akwatin da ƙafa, ya ga ƙarfe tsirara.

"Injiniya, kai dai aikinka kullum da saura. Ɗan wannan ne ya gagare ka? Rufe shi yanzu ina tsaye."

Ya durƙusa ya rufe, baƙi na kallo. Suna fita ƙofar asibiti ya dawo da gudu ya cire.

Haka abin ya zauna. Duk ƙarshen wata a yi zagaye, a yi masa faɗa gaban mutane, ya rufe, ya cire. An rubuta masa takardar gargaɗi sau biyu a kan sakaci. Nas-nas ɗin da ya dama da faɗan fanka suka samu abin yi, in ya wuce sai su ce a gai da Injiniya mai saura. Ranar zagaye kuwa, tun la'asar matarsa take tsayawa a bakin ƙofa, Lele na tsalle-tsallenta a tsakar gida, ita idonta na kan rana. Da ya shawo kwanar layi, kafin ya yi sallama, take tambaya.

"Ka cire?"

Sai dai ya zaro guntun soson daga aljihu, ya ɗaga mata shi sama, ya wuce ciki yana tsaki.