Wardin Inna da Ɗanyen Taki

"Dachung ya ce, Dachung ya ce... Zahra, a gidan nan ba mai magana sai Dachung?"

Fatimatuzzahra ta ɗago daga tsugunon da ta yi a gaban furanninta, ta dubi mijinta tana murmushi.

"Haba Yaya Abdul, me na ce? Cewa kawai na yi ya ce kada a yi ban ruwa da rana tsaka."

"To ya faɗa. Sai mu miƙe mu yi masa tafi."

Abdurrahim ya ajiye kofin shayi da ƙarfi. Tun da ruwan farko na bazara ya sauka a Jos, tsakar gidansu da ke unguwar Ali Kazaure ya canza kama. Fulawa ja da fara da ruwan ɗorawa sun buɗe a jikin katanga, ƙamshi har zaure. Matan maƙwabta kan shigo su ɗauki hoto. Kowa na jin daɗi ban da mai gidan.

A tsakiyar lambun akwai furen wardi ja guda ɗaya. Mahaifiyar Zahra ce ta rene shi, kuma da ta rasu aka sayar da gidan, shi kaɗai Zahra ta tono ta taho da shi ɗakin aure. Dachung, mai sayar da dashen fulawa a bakin titi wajen Farin Gada, shi ya taimaka aka dasa. Tsohon maƙwabcinsu ne, magidanci mai 'ya'ya, Zahra ta taso tana gaishe shi kamar yayanta. Abdurrahim ya san duk wannan. Sanin bai hana shi komai ba, don mai kishi ba ya neman gaskiya, abin da zai ƙara masa zafi yake nema.

"Kullum da safe kafin ki dube ni kin dubi fulawa," ya ce. "Har magana kike yi musu. Ni kuwa sai 'ga shayinka nan'."

"Kai ma in ka yi fure zan yi maka magana."

"Wasa kike yi ko? To ki ji. Daga yau ƙafar mutumin nan ba ta sake taka gidana. Lambarsa ma ki goge."

Murmushin ya bar fuskarta.

"Yaya... taki zai kawo mini ranar Asabar."

"Taki? Ni da na tashi cikin shanu, ni da nake wuni a kara, wani ne zai kawo wa matata taki? Ni zan kawo."

Ta ɗauko wayarta. Ta goge lambar a gabansa. Ya so ta yi musu, da ba ta yi ba sai ya ji kunya, kunyar kuma ta koma haushi.

A makon ne 'yar gwaggonta ta haihu a Tina Junction, Zahra ta tafi zaman suna. Abdurrahim ya ga dama ta samu. Ya cika buhuna da kashin shanu daga kara, kasuwar shanu, sabo, jiƙe da fitsari, yana tururi. Ya zuba a gindin kowace shuka. Da ya zo kan wardin Inna sai ya ninka, ya tula har ya rufe karansa. Ya tsaya yana haki yana jin daɗi. A ransa yana ganin Zahra ta dawo ta tarar da furanni sun ninka na da, ta ce, "Ashe kai ne gwani, masoyina."

Ya san shanu, wannan gaskiya ne. Amma bai taɓa shuka ko albasa ba. Bai san cewa takin da shanun iyayensa ke bari a gonakin manoma sai ya sha rana ya huce kafin shuka ta same shi ba. Kuma bai tambayi kowa ba, don tambaya a wurinsa faɗuwa ce.

Rana ta buɗe da zafi a kwanakin. Ganye ya fara rawaya, bakinsa ya ƙone. Ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa.

Ranar da Zahra ta dawo, a bakin ƙofa jakarta ta faɗi. Ba ta dubi sauran ba, wajen wardin ta nufa. Furanninsa sun sunkuya, ganyen ya zube. Ta durƙusa ta shiga tone takin da hannu, da lallen sunan da komai.

"Zahra, gyara na so in yi..."

"Na sani."

"Wallahi don ki ji daɗi na..."

"Don ni? Yaya, ka faɗi gaskiya ko sau ɗaya. Don ni ka yi, ko don Dachung?"

Ya kau da kai.

"Ka ce in goge lamba, na goge. Ban taɓa ba ka dalilin zargi ba." Hawaye suka zubo mata. "Ba ni da zanen Inna, ba ni da ɗakinta. Wannan kaɗai ya rage mini wanda hannunta ya taɓa. In ya mutu, zan zauna da kai, zan dafa maka abinci... amma ban san da wane ido zan riƙa kallonka ba."

Maganar ta shige shi. Ya durƙusa kusa da ita ya sa hannu a takin, ya ji ɗuminsa har yanzu. Ya miƙe ya ɗauki makullin babur.

"Ina za ka?"

"Farin Gada."

Ya sami Dachung yana jera dashe a bakin titi. Gaisuwar ma da ƙyar ta fito. Ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba.

Dachung ya kama haɓa. "Sabon kashi, oga? Kai... Sanda ɗin ya yi baƙi ne, ko da sauran kore?"

"Daga ƙasa akwai kore kaɗan."

"To ban yi alkawari ba. Sai an cire shi, a wanke saiwa, a canza ƙasa. In gaya maka yadda za ka yi?"

Abdurrahim ya dubi babur ɗinsa. Hanya mai sauƙi ke nan, ya koma shi kaɗai, girmansa bai taɓu ba. Ya tuna hannun Zahra cikin taki.

"A'a. Ka hau mu je. Ka fi ni sani."

Da suka iso, Abdurrahim ne ya buɗe ƙofa, shi ya yi sallama ya ce ta sa mayafi ga baƙo. Zahra ta dubi Dachung, ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa.

Dachung ya kankare gindin karan da farce, ya ce da sauran rai. Ya nemi ruwa.

Zahra ta ɗauko bokiti. Ba ta miƙa wa Dachung ba. Ta zo ta tsaya gaban Abdurrahim, idonta jawur, ta sa masa a hannu.

"Kai za ka wanke saiwar, Yaya," ta ce a hankali. "A hankali fa... na Inna ne."