Ranar da Janbaki Suka Cinye Aurena

"Maliki, ina kat tahi? Ina kat tahi, don Allah?!"

Yana tsaye a bakin gonar Babana a fadamar Zauro, hannunsa duk baƙin mai. Shinkafar da ta rage kwana uku a yanke, tsuntsayen janbaki sun mayar da rabinta ƙaiƙayi.

"Riskuwa, hasken idona... injin ban ruwan Maigandi na yal lalace. Nic ce minti biyar..."

"Minti biyar tun hantsi har la'asar?"

Raina ya ɓaci. Wata bakwai ina roƙon mahaifina, Baba Labbo, kafin ya karɓi goron neman aurena daga hannun Maliki. Sharaɗi ɗaya ya kafa, irin aikin da saurayi ke yi wa suruki: Maliki ya zauna a rumfa yini uku, yana jan igiyar gwangwanaye yana korar tsuntsaye. Zama kawai! Mutumin da zai kwance inji ya ɗaure kafin ka gama alwala, ya kasa zama.

Da yamma ni da Maliki muka durƙusa gaban Baba. Na miƙa masa takardar da wani likita ya rubuta wa Maliki a Sakkwato.

"Baba, ba ganganci ba na. Likita ya ce ciwo na, ciwon rashin natsuwa. Tun shina yaro ƙwaƙwalwa tai ba ta riƙe hankali wuri guda. Akwai magani, sai dai samu nai da wuya..."

"Ciwon da babu zazzaɓi, babu kumburi?"

"Wallahi Baba, ciwo na!"

Baba ya daɗe yana juya takardar da bai iya karantawa ba. Da zagi ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya yi magana a hankali.

"Na yarda, ɗiyata. Shinkahwa kuma na yahe, baɗi mu shibka wata. Amma ranar da kib bar mishi jinjiri bakin gulbi, inji yal lalace, mi za ki shibka baɗi?"



Na juya ga Maliki ko zai ceci kansa. Ya danne gwiwarsa da hannu biyu don kada ta yi rawar da ta saba gaban Baba, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Ina ƙoƙari, Riskuwa. Tun da nis san kaina, ƙoƙari nikai."

"Na sani, masoyina. Rantse ma Baba ba za ta hwaru ba. Rantse mana!"

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya girgiza kai.

"Ba ni rantsuwa bisa abin da ban da iko da shi. Ba da ran ɗanki ba."

Da hannunsa ya ɗauki ƙwaryar goron neman auren ya fita. Na bi bayansa da kuka har zaure, ina jin haushinsa, ina kuma sonsa fiye da jiya.