Layu Uku Cikin Motar Nazifi

Sakina na tankaɗen gari a tsakar gidansu na Tamaske, amma idonta na kan ƙafafun mijinta Nazifi, waɗanda su kaɗai ake gani daga ƙarƙashin mota.

"Sheri, don Allah hito haka nan! Ba kai ka ce mani wayoyin nan masu ruwan goro wutar kuran ɗinsu na kashe sa ba?"

"Ban kusance su ba, Sakina. Farantin ƙarfe nike ɗaurawa saboda duwatsu. Miƙo mani kile, babbar."

Ta miƙa masa ƙarfen kwance notin. Sheri take ce masa, wato masoyi da Faransanci.

Watansu tara da aure, cikinta wata biyar. Shekara shida Nazifi ya yi yana bida a Abijan, ya dawo da mota katkat ta alfarma wadda wani ya riga ya mora, irin da ake ce wa ibirid: rabi man isansi, rabi batiri. An yi ta ne don kwalta mai laushi, ƙasarsu Adar kuwa dutse ce da rairayi. Sai ya riƙa kallon bidiyo a salula yana gyara ta da hannunsa. Ya ɗaga ta da yatsa huɗu, ya ɗora mata mazaunin kaya a bisa, ya jera fitilu a goshinta, ya sa dukawa sunka lulluɓe kujerun da jar fata.

Iyayen Sakina ba su so abin ba. Ubanta, Malam Bala, cewa yake, "Abin da injiniya ya ƙera, ɗan bida ka gyarawa da salula?" Uwarta kuwa, Inna Lantana, tsoro ne ya cika ta, don motar ba ta ƙara. Rannan tana zaune ƙofar gida sai ta gan ta gabanta kamar an ajiye.

"Abin da ka tahiya ba nishi ba tari," in ji ta, "ba shi kaɗai yake tahiya ba."

Ranar da za su suna Karofane, Nazifi ya fita sayen goro, sai ga Inna Lantana da sassarfa, ta samu Sakina wajen motar.

"Buɗe mani bayan nan, maza!"

Ta laluba gefen kujerar baya, ta samu wani rami mai murfin raga. Ta ɓalle shi da wuƙa, ta tura layu uku, ta danna tsumma a kai, ta mai da murfin.

"Inna! Mi ke nan?"

"Tsarin hanya, na gidan kakana."

"Baba fa?"

Duk dangi sun san maganar. Shekara goma baya Malam Bala ya tara kayan tsafin gidan ya ƙone, ya rantse duk ranar da ya sake jin irinsu a hannun Lantana, za ta bar masa gida.

Inna ta riƙe wuyan hannunta da ƙarfi. "In kinka hwaɗi, ke kinka kore ni. Kin ji?"

Sakina ta gyaɗa kai. Ta ce a ranta, layu uku mi za su ɓata?

Damina ce, amma ranar zafi kamar bazara, baƙin hadari kuma can gabas bisa duwatsu. Sun yi awa biyu suna hawa da gangara, sai jar fitila ta kama a tablo gaban direba, wani abu ya soma kuka, ti-ti-ti! Wari ya taso daga baya, kamar ana gasa tsumma.

"Sheri, mi ya hwaru?"

"Ba komi. Bari mu ƙetare ƙoramar nan mu tsaya inuwa."

Muryarsa ba ta ce ba komi ba. Motar ta gangara cikin rairayin ƙorama, ta yi sanyi, ta yi sanyi, saura kaɗan ta kai gaɓa ta mutu. Ya danna, ya sake dannawa — shiru.

Sai sunka ji wani rugugi daga sama da ƙoramar, kamar garken shanu a guje. Manoma na bakin gaɓa suna ɗaga hannu.

"Ruwa! Ku hito! Ruwa na zuwa!"

A nan ko ɗigo bai sauka ba, can duwatsu anka yi shi. Sakina ta ga jan ruwa ya kwararo da itace da kara. Nazifi ya fizge ƙofa ya sungume ta. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya, ya zame sau ɗaya, tana ihu tana kiran Inna, hannunta bisa cikinta. Wani manomi ya cafko rigarsa ya jawo su. Motar kuwa da igiya da shanun huɗa anka fizge ta, ruwa na dukan tayoyinta.

A gidan likita anka duba anka ce cikin lafiya lau. Malam Bala bai saurari wannan ba. Ya sa ɗiyarsa gaba har gida, ya tsaya ƙofar zaure ya nuna Nazifi da sanda.

"Na hwaɗa maka! Ka kwance mota ka ɗaura yadda ka ga dama, ka ɗauki ɗiyata da jikana ka kai ma ruwa! Juma'a bayan masallaci ka kawo mani takardarta."

"Baba, don Allah —"

"Juma'a na ce!"

Nazifi ya yarda shi ne mai laifi. Kwana uku yana cire abin da ya sa, fitilu, mazaunin kaya, farantin ƙarfe, yana neman inda ya ɓata bai gani ba. Daga ƙarshe ya kira abokinsa Yohanna, makaniken asibitin mishan.

"Aboki, bar fitilunka, ba su ba ne," in ji Yohanna. "Batirin nan numfashi yake kamar ni da kai. Hancinshi na gefen kujerar baya. In ya toshe, batiri ya yi zafi, mota ta kashe kanta. Duba ko fatar dukawanka ta rufe shi."

Fata ba ta rufe ba. Ya ɓalle murfin, ya zaro tsumma rabi a ƙone, layu uku sunka faɗo. Ya juya tsumman a hannu. Yankin zanen surukarsa ne, mai zanen tantabaru, wanda shi da kansa ya kawo mata tsaraba. Ya tattara layun ya sa a aljihu.

A can gidan kuwa Sakina ta daina cin abinci. In ta yi shiru, aurenta ya mutu. In ta buɗe baki, na uwarta. Ranar Alhamis ta same ta a madafa.

"Inna, gobe ce Juma'a. Warin tsumma na ji a motar nan, kin san na mi ne."

"Rufe mani baki! Ina zan tahi da hurhurata? Gidan wa?"

Amma ludayin da ke hannunta sai da ya faɗi.

Juma'a ta zo. Nazifi ya cire takalmi ya durƙusa a zaure. Sakina da uwarta na bayan labule.

"Ina takardar?"

"Ban rubuta ba, Baba. Ba ni kuma rubutawa."

"Ni kake hwaɗa ma haka? To mi ya kashe motar?"

"Batirinta ya rasa iska."

"Wa ya hana mishi iska?"

Sakina ta runtse ido.

"Motata ce, Baba," in ji Nazifi, kansa a ƙasa. "Ni ya kamata in duba kafin mu tashi, ban duba ba. Ka yi mani duk hukuncin da ka so, ban da raba ni da Sakina."

Inna Lantana ta gane ya gani. Ya gani, layun na aljihunsa, bai kuma fito da su ba. Malam Bala ya miƙe yana cewa to sai wurin alƙali, sai labule ya yaye.

"Malam, bar yaron nan. Ni ce."

"Lantana, koma ciki!"

"Ba ni komawa. Ni na cusa layu a ramin. Tsoron motar nike, na ce in tsare ɗiyata, ashe ni zan kai ta ga ruwa. Na kuma ɗaure mata baki. Ga ni, kayana ba su da yawa."

Sakina ta fito ta zube gaban ubanta tana kuka. "Baba, na gani da idona na yi shiru. Har da ni."

Malam Bala ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa.

"Kai, tun yaushe ka sani?"

"Shekaranjiya."

"Ka yarda in zage ka, in kai ka ga alƙali?"

"Uwar matata ce, Baba. Uwata ce."

Tsohon ya koma ya zauna. Can ya ce, "Na rantse, rantsuwa kuma tana da kaffara. Gobe a dafa tuwon mutum goma a kai masallaci. Lantana, layun nan ke za ki ƙone su da hannunki. Ke kuma tashi ki bi mijinki, tun ban sake shawara ba."

A ƙafa sunka tafi, yana riƙe da ƙullin kayanta, tana share hawaye da gefen mayafi.

'Yan mata, ku buɗe kunne. Uwa na iya cutar da ke tana nufin alheri, shirun da kika yi don kunyarta kuma ba biyayya ba ne in rai na ciki. Da Sakina ta yi magana tun da safen nan, da ba ta ga jan ruwa ba. Ku kuma samari, gyaran mota kowa na iya koya a salula. Riƙe asirin wanda ya cuce ka alhali kana da ikon tona shi, wannan ba a bidiyo ake koyonsa ba, shi ne kuma ya mai wa Nazifi matarsa.