Turken da Ya Tsallaka Lungu

Da safiyar Talata jami'in awo na ƙaramar hukuma ya tarar an tuge turken ƙarfen da ya kafa tsakanin gidan mai bulo da shagon mai ɗinki. An cike ramin, an tsallakar da turken ɗaya gefen lungun, an dasa shi da sabon siminti. Kafin hantsi an garƙame shagon da kwado, an kai matar caji ofis.

Sufeto mutum ne da kujera ba ta riƙe shi. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake sauraren ƙara, har yaransa na cewa asara aka yi da aka saya masa kujera. Yana zagaya tebur yana kaɗa makullin mota ya ce jami'in ya yi bayani.

"Yallaɓai, sabuwar magudanar ruwa muka gina a layin. Rabin kuɗin na hukuma ne, rabi na masu gidaje. Kowa zai biya gwargwadon faɗin gaban gidansa, daga turke zuwa turke. Lungun a awonta yake. Jiya sababbin ma'aikata suka yi awon ƙarshe ba su lura ba, nata kuɗin ya ragu. Wa zai yi in ba ita ba?"

Mai ɗinki ta kasa zama ita ma. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku da ɗakuna biyu a bayan shagon, kuma lungun ne kaɗai hanyar shiga gidan.

"Kin yi ƙorafin kuɗin?" in ji Sufeto.

"Wa bai yi ba, ranka ya daɗe? Har kuka na yi."

"Da kika ga ya ragu fa?"

"Na ɗauka tausayina suka ji. Don Allah a buɗe min shago, kayan makarantar mutane na ciki."

Maganar ba ta wanke ta ba, amma ba ta kwanta wa Sufeto ba. Da rana tsaka ya isa layin. Kwalta na turiri, kowa ya fito da takardar kuɗinsa yana zagin hukuma. Ya tsuguna gaban turken, ya taɓa simintin, ya dubi yatsansa, ya miƙe.

Ya fara da neman birkilan ɗan kwangilar da ya gina magudanar.

"Kai ka dasa wannan?"

Birkila ya leƙa ya yi dariya. "Yallaɓai, wannan kwaɓin ya fi ƙarfin aljihun maigidanmu. Mu yashi muke zubawa mu nuna masa siminti daga nesa."

"Kuna ba shi ruwa bayan kun gama?"

"Ruwan sama dai, in Allah ya kawo."

Sufeto ya sallame shi, ya shiga filin mai bulo. Dattijo ne mai farin gemu, wanda duk layin suka shaida ko canjin allura ba ya bari. Yana tsaye da bokiti yana yayyafa wa sababbin bulo ruwa.

"Baba, an ce an ƙara maka kuɗi."

"An ƙara, ɗana. Ni aka cuta, amma na haƙura. Jiya-jiya na je na biya. Marainiyar Allah ce, a sassauta mata."

"Ba ka nemi ragi ba?"

"Hukuma ce, wa zai ja da ita?"

Sufeto ya zagaya tarin bulon sau biyu. Ransa ya ɓaci, don ya tsani a yi masa daɗin baki.

"Baba, tun safe matar nan tana hannunmu, 'ya'yanta suna makaranta. Ranar nan ko tsumma ka shanya yanzu zai bushe. Amma simintin turken a jiƙe yake. Wa ya ba shi ruwa?"

Dattijon ya dubi bokitin da ke hannunsa.

"Tela ba ta san siminti na shan ruwa ba," in ji Sufeto. "Birkila ya sani, bai damu ba. Kai kuwa hannunka ba zai iya wuce ɗanyen siminti bai yayyafa masa ba, ko da na laifi ne."

Jami'in awo, wanda ya biyo su, ya kama baki. "To me zai sa mutum ya ƙara wa kansa kuɗi?"

"Me kuke rubutawa a rasit?"

"Sunan mai gida, da faɗin gabansa, da hatimi."

"Layin nan mutum nawa ke da takardar fili?"

"Babu ko ɗaya," in ji jami'in.

"Ba kuɗin magudana ya biya ba, lungu ya saya a farashin banza. Baɗi ya ja katanga, in ta kai ƙara ya fito da hatimin hukuma. Ta ina za ta shiga gidanta? Dole ta sayar masa."

Mai bulo ya ajiye bokitin a hankali. "Sau uku ina taya lungun nan," ya ce. "Fili ya yi min kaɗan."

Kafin la'asar an cire kwadon, an mayar da turken ramin da ya baro. Jami'in yana sosa ƙeya ya gaya wa mai ɗinki cewa kuɗinta zai koma yadda yake, da lungun a ciki. Sufeto ya zaci za ta sake kuka.

Ta dubi lungun, inda takalman yaranta ke jere a bakin ƙofa.

"Zan biya, ko da kaɗan-kaɗan ne," ta ce. "Amma ɗan'uwa, in za ka rubuta faɗin, ka rubuta da manyan baƙi."