Makullin Gida Mai Lamba Bakwai

Sau uku Ummu Salma ta karanta layin nan na fom ɗin da ke hannunta.

Sunan mata: Fatimatu Isah.

Wallahi ba ta ji komai ba. Ko gabanta bai faɗi ba.

Wata biyar ke nan da kamfaninsu na gyaran riɗi ya tattaro daga Kano ya dawo Jibiya, inda fili ke da araha, kaya kuma na shigowa ta boda. Don ƙwararru su yarda su biyo, aka gina musu gidaje, amma sai mai iyali ake ba wa. Ita 'yar gari ce, sai aka ɗora ta kan rabon. Mai lamba bakwai kuwa ta ɓoye makullinsa a jakarta, saboda Zunnuraini, injiniyan da ya shekara uku yana kiranta hasken idonsa.

Yau ga shi tsaye gaban teburinta, ya kasa ɗago kai.

"Ummuna..."

"Zauna mana, Injiniya."

"Hajiyarmu ce... Ta rantse ba zan zo bakin boda ba sai da 'yar dangi. Fatimatu ta yi ta kai mata magana, wai kin saba da direbobin Maraɗi..."

"Waɗanda nake sa wa hannu a takarda?"

"Na sani! Wallahi na sani! An rufe ma'aikatar Kano, in na ƙi zuwa ba ni da aiki..."

"Yaushe aka ɗaura?"

"Juma'ar da ta wuce."

Juma'ar da ta wuce tana can gidan mai lamba bakwai, tana ba lallen da ta dasa a tsakar gida ruwa. Kai, ɗan Adam!

Ta buga hatimi, ta zuge jaka ta ciro makullin. Yana ganin lambar ya ja da baya.

"Don Allah ki ba ni wani. Ko wanne ne!"

"Shi kaɗai ya rage. Ni na hana kowa shi."

"Ki yi mini faɗa mana, Ummu! Ki ce wani abu!"

Ta laluba zuciyarta ko akwai abin cewa. Fayau take.

"Famfon kicin sai an murɗa shi da ƙarfi, ka gaya mata. Lallen kuma da safe ake ba shi ruwa. Ya kusa isa tsinka, ya ishi amarya."

Ta tura masa makullin, ta leƙa bayansa inda ma'aikata suka yi layin sa hannu a takardunsu.

"Saura wa?"