Ramin Ƙarƙashin Dandali

Tsohon gidan wasan kwaikwayon bakin tekun Karachi ya zama ma'ajiyar busasshen kifinmu. Bayan magariba na tsare ƙanena Dilmurad a kan dandalin, don ya kira masu rusau a bayan idona.

Na ce, "Kai har ka isa ka rushe gumin Baba, marar kunya?"

Kowane zagi sai wata busasshiyar murya ta raɗa min shi tukuna, daga ramin da mai tuna wa 'yan wasa magana yake zama a da. Mun daɗe da cike ramin da gishiri.

Dilmurad ya ja baya. "Yaya, kai ma kana jin ta?"

Muryar ta ce, "Yanzu ɗauki wuƙar yankan kifi."

Na duba, ashe tana hannuna.